Iska Nawa Tayar Radiyal Ke So? Jagora Ga Wanda Ya Sauya Tayoyin Babur

Duk wanda ya cire tsofaffin tayoyin babur ɗinsa ya ɗaura na radiyal, tambayar da ke fara zo masa ita ce ko iskar da ya saba sawa zai ci gaba da sawa, ko kuwa akwai wata lamba daban. Masu ba da amsa kuwa ba sa kaɗan. Wani ya ce ƙara, wani ya ce rage, wani ya sunkuya ya nuna maka lambar da ke gefen tayar ya ce ai ga shi nan kamfani ya rubuta. Ni dai abin da zan ce shi ne, lambar da ta dace tana fitowa ne daga babur ɗin kansa da nauyin da yake ɗauka, sai kamfanin taya ya gyara ta idan da buƙata, sannan kai ka tabbatar da ita da geji, wato na'urar auna iskar taya, lokacin da taya take a huce. Ga yadda ake bi.

Me ya sauya a ƙarƙashinka?

Sai ka san abin da ya bambanta tayoyin biyu kafin maganar lamba ta zauna maka. Tsohuwar taya, wadda ake kira bayas, an gina ta ne da shimfiɗun zare da ke gicciye da juna, wannan ya karkata hagu, wancan ya karkata dama, tun daga baki ɗaya har zuwa ɗaya bakin. Saboda haka gefenta da fuskarta duk jiki ɗaya ne, masu tauri. A radiyal kuwa zaren yana tsallaka tayar ne kai tsaye daga baki zuwa baki, sannan a ɗaura ɗamara ta waya ko ta zare mai ƙarfi a ƙarƙashin zanen. Sakamakon haka gefe yana da laushi, fuska kuma tana da ƙarfi, kowa yana aikinsa. Kamfanin Michelin ne ya yi rajistar wannan fasaha a 1946, amma sai cikin shekarun 1980 ta iso kan babura.

Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne, radiyal ba ta ɗaukar zafi kamar bayas idan ana gudu, wurin da take taɓa kwalta ya fi faɗi, kuma ta fi dogara da iska wajen riƙe siffarta. Bayas ko iskarta ta ragu, taurin gefenta yana ɗan rufa mata asiri. Radiyal ba ta da wannan gatan. Shi ya sa ragin psi (ma'aunin iskar taya) uku ko huɗu da a da ba ka ji, yanzu za ka ji shi a hannu: kan babur ya yi nauyi, kwana ta zama sai da ƙarfi.

Mataki na farko: tabbatar tayar ta dace da babur ɗin

Ba maganar iska ba ce tukuna, amma babu iskar da za ta gyara tayar da ba ta dace ba. Duba rubutun gefenta. Idan ka ga 120/70 ZR17 ko 150/70 R17, harafin R shi ke nuna radiyal ce. Idan gajeren layi ne a wurin, kamar 100/90-19, bayas ce. Idan B ne, bayas ce mai ɗamara, ba radiyal ba. Duba gaba, duba baya. Haɗa radiyal da bayas a babur ɗaya abu ne da ba a yi sai in kamfanin babur ɗin ne ya fito da shi haka, kuma inda ake samun hakan, yawanci bayas ce a gaba radiyal a baya. Radiyal a gaba bayas a baya kuwa, ka guje shi kwata-kwata.

Sai faɗin rim. Ana buga shi a jikin rim ɗin, misali MT 3.50x17. Tayar 120/70 ZR17 an yi ta ne don rim mai faɗin inci 3.50, ta 160/60 don 4.50, ta 180/55 don 5.50. Tsofaffin babura da yawa rim ɗinsu siriri ne. Idan aka matse radiyal mai faɗi a kan siririn rim, bayanta yana tsukewa ya yi tsini, wurin da take taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru, kuma duk yadda ka juya iska babur ɗin ba zai zauna daidai ba. Idan rim ɗinka mai sifoka ne da ke buƙatar tub, ka tabbatar kamfanin tayar ya yarda a sa mata tub, kuma tub ɗin sabo ne, girmansa daidai.

Mataki na biyu: nemo lambar farawa

Kusan kowane babur yana da takarda manne a jikinsa mai ɗauke da lambar iska. Ka duba ƙarfen da ke riƙe da tayar baya, ko murfin cen, ko ƙarƙashin kujera. In ta goge, tana cikin littafin babur. Za ka ga lamba ta gaba da ta baya, sau da yawa kuma kashi biyu: in kai kaɗai ne, da in kana da goyo ko kaya. Manyan baburan titi na zamani da yawa suna rubuta psi 36 a gaba da 42 a baya. Ƙanana kuwa sukan tsaya ƙasa da haka sosai, wajen 25 a gaba da 29 zuwa 33 a baya. Kada ka ɗauki waɗannan a matsayin naka, na kawo su ne don ka ga tazarar da ke tsakanin babur da babur.

Lambar kan zo da ma'auni iri uku, kuma nan mutane ke rikicewa. Bar ɗaya daidai yake da kPa 100, daidai kuma da psi 14.5. Wato psi 36 shi ne bar 2.5 ko kPa 250, psi 42 kuma bar 2.9 ko kPa 290. Ka zaɓi ma'auni ɗaya, wanda gejinka ke nunawa, ka tsaya a kansa.

Yanzu ga inda hanya ta rabu biyu. Idan babur ɗinka daga kamfani da radiyal ya fito, wani ne ya sa masa bayas a tsakani kai kuma ka mayar da shi asalinsa, to aikinka ya yi sauƙi: lambar takardar ita ce lambarka. Idan kuwa da bayas ya fito, lambar takardar an gwada ta ne da wata irin taya daban, wataƙila ma shekaru talatin ko arba'in da suka wuce, lokacin da ake rubuta lambobi ƙanana irin su 26 ko 28 wa babur mai nauyi. A nan sai ka nemi jadawalin kamfanin da ya yi tayar. Manyan kamfanoni irin su Michelin, Bridgestone, Dunlop, Pirelli, Metzeler da Continental suna da jagorar da za ka sa sunan babur da shekararsa ta nuna maka tayar da ta dace, sau da yawa har da iskar da suka ba da shawara. Idan lambarsu ta fi ta takardar, bi tasu. In kuwa ba ka sami babur ɗinka a jadawalin ba sam, wannan ma amsa ce, kuma ya kamata ka tambaye su kai tsaye kafin ka ci gaba da hawa. Doka ɗaya da ba na sassauci a kanta: a kan titi, kada ka sauka ƙasa da lambar da ke jikin babur.

Lambar gefen taya fa?

Wannan ita ta fi yaudarar mutane, don haka bari mu tsaya a kanta. A gefen tayar 120/70 ZR17 mai alamar 58W za ka ga an rubuta cewa iyakar nauyinta kilo 236 ne a kan kPa 290, wato psi 42, a huce. Ta baya mai 180/55 ZR17 da alamar 73W kuwa kilo 365 ne a kan iska iri ɗaya. Abin da rubutun ke cewa shi ne: idan kana so wannan taya ta ɗauki iyakar nauyin da aka yi ta dominsa, sai ka ba ta wannan iskar. Bai ce ita ce iskar da babur ɗinka ke so ba. Taya ɗaya tana hawa babura iri-iri, mai nauyi da marar nauyi, ba yadda za a yi lamba ɗaya ta dace da su duka. Idan ka cika tayar gaba ta babur marar nauyi zuwa 42, za ta yi ta tsalle a kan kwalta, kuma ranar da ka danne birki da gaggawa za ka gane cewa robar da ke riƙe da ƙasa ta ragu.

Amfanin lambar shi ne ta zama maka rufi. Lambar jikin babur ƙasa, ta gefen taya sama, duk wani gyara da za ka yi a tsakaninsu yake. A wasu manyan babura lambar baya ta takarda da ta gefen taya duk 42 ne, to a nan ba wurin ƙari, kuma ba laifi ba ne.

Mataki na uku: auna a huce, da geji naka

Ranar da aka ɗaura taya, kada ka yarda da iskar da ka fito da ita. Mai ɗaurawa yakan buga iska da yawa don bakin tayar ya zauna a rim, kuma ba kullum yake tuna rage ta ba. Washegari da safe, kafin ka tayar da babur, ka auna. Ma'anar taya a huce ita ce ta yi aƙalla awa biyu zuwa uku ba a hau ba, kuma ba a rana take ajiye ba. Babur da ya wuni a rana, tayarsa baƙa ce, ta sha zafi ko ba a motsa shi ba.

Dalilin wannan tsanani shi ne iska tana kumbura da zafi. Kusan kowane digiri biyar da rabi na ma'aunin Salshiyos yana motsa lamba da psi ɗaya. Idan safiya tana digiri 20 rana kuma ta kai 37, geji zai nuna maka bambancin kusan psi uku ba tare da ka ƙara ko ka rage komai ba. Haka nan idan yanayi ya juya daga zafi zuwa sanyi, tayar da ka daidaita watan jiya za ta wayi gari ƙasa da lambarta ba tare da ta huje ba.

Geji kuma ka sayi naka. Wanda ke maƙale da injin hura iska yana shan faɗuwa da jan ƙasa, ba abin dogara ba ne. Mai allura ko mai lamba, duk ɗaya, muddin ka gwada shi da wani geji mai kyau ka ga sun yi daidai. In akwai hali ka nemi mai lanƙwasasshen baki ko ɗan tiyo, saboda a tayar gaba mai faifan birki biyu hannu ba ya shiga da sauƙi, kuma duk lokacin da ka ji "fiss" kana kokawa da bawul, iska ce ke fita. Danna shi sau ɗaya, a miƙe, da ƙarfi. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka hura ta ɗan wuce lambar, sannan ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har ta zauna. Ka shafa ɗan ruwan sabulu a bakin bawul, in bai yi kumfa ba ka mayar da murfinsa. Murfin nan ba ado ba ne. Yana hana ƙura shiga, kuma mai roba a ciki yana tare iska idan allurar bawul ta ɗan saki a gudu mai yawa.

Duka da ƙafa ko matsawa da yatsa kuwa, a radiyal ba su gaya maka komai. Gefenta gajere ne, za ta iya rasa psi goma ido bai gani ba.

Mataki na huɗu: ba ta lokaci kafin ka yanke hukunci

Sabuwar taya tana da santsi, kuma siffarta a zagaye take alhali hannunka ya saba da tsohuwa da ta cinye a tsakiya. Kamfanoni sukan ce a yi wajen kilomita 160 a hankali, ba birki mai ƙarfi, ba kwanciya sosai a kwana. A wannan tsakanin babur zai yi maka kamar yana faɗawa kwana da kansa. Mutane da yawa a nan suke kuskure, su ce iska ta yi yawa su rage. Ba iska ba ce, siffa ce. Ka bar lambar yadda take, ka dai riƙa aunawa kullum da safe a makon farko, domin in akwai yoyo a bakin rim ko a bawul, lokacin ne zai bayyana.

Mataki na biyar: gwajin sanyi da zafi

Bayan tayar ta saba, ga gwajin da mahaya suka daɗe suna yi. Ba dokar kamfani ba ce, awo ne na gwaninta, amma yana nuna hanya. Auna a huce ka rubuta. Hau babur ka yi tafiyar rabin awa irin wadda ka saba, da gudun da ka saba, da nauyin da ka saba. Tsaya wuri mai aminci ka auna nan take, baya tukuna sannan gaba. Abin da ake nema shi ne gaba ta tashi da kusan kashi goma cikin ɗari, baya kuma ta ɗan fi haka, tunda ita ke turawa kuma ita ke ɗauke da nauyi. Wato idan ka fara da 36 a gaba, ka ga 39 ko 40, lafiya lau.

Fassarar sakamakon tana juya wa mutum tunani. Idan lamba ta tashi da yawa, misali daga 36 zuwa 43, ba iska ce ta yi yawa ba, ƙaranci ta yi. Tayar tana lanƙwasuwa fiye da kima a kowane zagaye, lanƙwasar ce ke haifar da zafi, zafin kuma ya tura lamba sama. Maganinsa washegari a huce ka ƙara psi ɗaya ko biyu ka sake gwadawa. Idan kuwa da kyar ta motsa, tayar ba ta ɗaukar ɗumin da take buƙata, mai yiwuwa iska ta ɗan yi yawa, sai ka rage ɗaya, muddin ba ka sauka ƙasa da lambar jikin babur ba. In kana kan lambar takarda daidai kuma tashin bai kai ba, bar ta haka. Wataƙila ranar da sanyi, ko kai mai tafiya a hankali ne.

Abu ɗaya da ba a yi ko kusa: rage iska daga taya mai zafi don a mayar da ita lambar takarda. In ka yi haka, da ta huce za ka same ta ƙasa sosai. Tashin nan an riga an lissafa shi a cikin lambar da aka ba ka.

Ka sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Psi ɗaya ko biyu, taya ɗaya, hanya ɗaya da ka sani. Idan ka taɓa iskar gaba da ta baya da shokazoba duk a rana ɗaya, ko babur ya gyaru ba za ka san me ya gyara shi ba.

Abin da babur da taya ke gaya maka

Iska kaɗan tana bayyana a hannu kafin ido. Kan babur yana nauyi a tafiyar hankali, yana son miƙewa idan ka taɓa birki a cikin kwana, baya tana lilo a gudu, mai yana ƙarewa da wuri. In ka daɗe a haka, ka shafa tafin hannunka a zanen tayar gaba za ka ji tudu da kwari, kamar haƙoran zarto. Haɗarin da ya fi wannan ba a ganinsa: zafi yana cin tayar daga ciki, kuma idan ka faɗa rami, gefen mai laushi yana matsewa har rim ya bugu ya lotsa.

Iska da yawa kuwa tana sa ka ji kowane ɗan dutse a wuyan hannu, gaba tana rawa a kan kwalta mai gargada, riƙo yana raguwa musamman in ƙasa ta jiƙe. Sai dai kada ka ga tsakiyar tayar baya ta fi cinyewa ka ce lallai iska ce ta yi yawa. Babur da mafi yawan tafiyarsa a miƙaƙƙiyar hanya take, dole tsakiya ta riga gefe ƙarewa.

Akwai kuma abin da radiyal ke tonawa a tsohon babur. Da yake ta fi riƙe ƙasa, tana ɗora wa firam da shokazoba da boris nauyin da bayas ba ta ɗora musu. Idan bayan sauyin ka fara jin kan babur yana kaɗawa, kuma iska tana daidai, ka daina wasa da geji. A duba boris ɗin wuya, da na ƙafafu, da man shokazoban gaba, a kuma tabbatar an daidaita nauyin tayar lokacin ɗaurawa, kibiyar da ke gefenta kuma tana kallon inda taya ke juyawa.

Goyo, kaya da doguwar tafiya

In za ka ɗauki mutum ko kaya, koma takardar jikin babur ka bi lamba ta biyu. Yawanci ƙarin a baya yake. Ka yi shi kafin tafiya, a huce, kuma in ka sauke kayan ka koma hawa kai kaɗai, ka mayar. Ka tuna iska ba ta ƙara wa babur iyakar nauyin da littafinsa ya yanke.

Lambobin da za ka ji masu tsere suna ambata, ƙasa da talatin, na fili ne mai santsi inda taya ke ɗaukar zafi sosai kuma ana auna ta akai-akai. Kada ka kawo su titi. Masu baburan da ke shiga ƙasa da yashi su ma sukan rage iska don samun riƙo, amma da rim ɗin da ba sifoka ragin yana da iyaka, kuma da an hau kwalta sai a mayar, wanda ke nufin tafiya da ɗan famfo.

Batun nitirojin ba ya buƙatar dogon bayani. Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari nitirojin ce. In ka samu ka sa, lambar dai ba ta sauyawa, kuma ba ya ɗauke maka aunawa. Na'urar da ke nuna iskar taya a allon babur tana da amfani wajen gargaɗi idan taya ta fara sacewa a hanya, amma wasu na'urorin suna gyara lambar zuwa wani zafi na musamman, don haka kada ka yi mamaki in ba ta yi daidai da gejinka ba.

Da ka sami lambar da ta zauna, rubuta ta a ɗan sitika ka manna kusa da tsohuwar takardar, tare da sunan tayar, ta kai kaɗai da ta goyo. Daga nan sai aunawa sau ɗaya a mako da kuma kafin kowace doguwar tafiya, domin ko lafiyayyar taya marar tub tana rasa psi ɗaya ko biyu a wata, mai tub kuma ta fi haka. Ranar da ka sauya zuwa wata irin radiyal, ko da girmansu ɗaya, sai ka sake duba jadawalin kamfanin ka maimaita gwajin sanyi da zafi, saboda taurin jikin taya ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri.